Allura Mai Baki Biyu

Ɗakin binciken Farfesa Gaudet yana can ƙarƙashin ginin kimiyya na jami'a, inda babu taga ko ɗaya, mutum bai san ko dusar ƙanƙara ta tsagaita a birnin Edmonton ko tana nan tana zuba ba. Doka ɗaya ce a ɗakin, kuma ko baƙo da ita ake tarbarsa: muddin allura tana aiki, ba a ɗaga murya, ba a jan kujera, ba a sakin ƙofa ta bugu. Saboda haka duk rigimar da aka taɓa yi a wurin, da raɗa aka yi ta.

Noreen Sawchuk tana aiki a ƙarƙashin Farfesan tun bayan da ta gama digirinta na dakta. Duk aikinta yana cikin wata tukunyar ƙarfe mai ƙyalli wadda injuna suka zuƙe iskar cikinta ƙaf. A tsakiyar tukunyar akwai ɗan ɓallin silikon, irin wanda ake yin ƙwaƙwalwar waya da shi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Idan ta gasa shi ya yi tas, ƙwayoyin zarrar da ke fuskarsa sukan jera kansu cikin wani zane da kowane ɗalibi ya haddace. Amma da zarar ta sakar masa tururin kuza, ɗan kaɗan, kaurin ƙwaya ɗaya tak, sai jerin nan ya watse, na ƙasa su matsa, na sama su nemi wurin zama, wani sabon zane ya fito. Allurar kuwa ita ce idonsu. Tsininta da ƙwaya ɗaya ya ƙare. Tana shawagi a kan silikon ba ta taɓa shi, tana zana abin da ta ji a allon kwamfuta layi bayan layi.

Tun Gaudet yana da baƙin gashi ya rubuta cewa idan aka dace da adadin kuzar, aka kuma sanyaya silikon matuƙar sanyi, ƙwayoyin kuza za su zauna biyu-biyu a jere kamar tagwaye. Babu wanda ya taɓa ganinsu. A taruka har abin tsokana suka zama, idan injin wani ya nuna shirme sai a ce ya hango tagwayen Gaudet. To ran Litinin sai ga su a allon Noreen, sahu-sahu, kowace ƙwaya da 'yar'uwarta a gefe. Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa. Ran Juma'a ake taron yi masa ban kwana zai yi ritaya, baƙi na tafe daga Toronto da Jamus da Japan. Ya ce da wannan hoton zai rufe jawabinsa.

Ran Laraba da safe Noreen tana duba hotunan tana kurɓar kofi, sai idonta ya faɗa kan wani ɗan gurbi, inda ƙwaya ta ɓace daga sahu. Dama da shi kaɗan akwai wani gurbin, kamarsu ɗaya. Ta nemi wani. Shi ma da nasa ɗan'uwan, a dama, nisa ɗaya. Ta sami wani ɗan ɗigon datti a kusurwa. Shi ma biyu ne.

Ta ajiye kofin a hankali.

Harjit Dhillon, abokin aikinta mai kula da ɗaya injin, ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga rawaninsa, riƙe da kwalin cincin mai zagaye na shagon bakin titi.

"Shugaba, ya na gan ki haka?" ya raɗa mata. "Kamar wadda ƙungiyarta ta sha kashi a gida."

"Zo ka gani. Kar ka ce komai sai ka gama gani."

Ya sunkuya. Ta nuna masa gurbin, ta nuna ɗan'uwansa, ta nuna dattin. Murmushin Harjit ya gushe.

"Kai," ya ce. "Kai, kai, kai."

"Allurar baki biyu gare ta," in ji Noreen. "Wata ƙwaya ta maƙale a gefen tsinin. Duk abin da ta wuce a kansa sau biyu take jin sa."

"Ba lallai ba ne."

"Harjit."

"Na ce ba lallai ba ne, ban ce ƙarya kike ba." Ya zauna a kan kujera ba tare da ya ja ta ba. "Tsoho ya sani?"

Ta girgiza kai.

Su biyun sun san maganin. Ana buga wa allura 'yar wutar lantarki na ƙiftawar ido, ta tofar da abin da ya maƙale mata. Idan bayan haka tagwayen suna nan, na gaske ne. Sai dai ba kullum ake sa'a ba. Wani lokaci allurar takan watsa datti a duk wurin, wani lokaci ta dakushe gaba ɗaya, kuma ba a canja ta sai an bar sanyin tukunyar ya fita. Silikon ɗin kuwa ruwan hiliyam ne ke riƙe masa sanyi, wanda ke cikin tulun ya kusa ƙarewa, motar da ke kawo wani ba za ta zo ba sai mako mai zuwa. Sanyin da ya rage ba zai wuce yammacin ranar ba. Shimfiɗar kuzar nan kuma tun bazara Noreen take nemanta, sau ɗaya rak ta zauna daidai.

"Ki ji shawarar matsoraci," in ji Harjit. "Ki bar mutumin nan ya sha bikinsa. Litinin ki gano abin, ki ce yanzu kika gani. Wa zai mutu?"

"Dakta Vollmer za ta zauna a sahun gaba."

Harjit ya runtse ido. Vollmer ita ce Bajamushiyar da ta fi kowa sanin halin allura a duniyar aikinsu, kuma ba ta iya ɓoye abin da ta gani ba.

"Wataƙila ta manta tabaranta a jirgi," ya ce, amma shi kansa bai yi dariya ba.

Noreen ta koma kallon allon. Tana tuna daren da aka kira ta daga asibitin garin Vegreville aka ce mahaifiyarta ta faɗi, motarta ta ƙi tashi don sanyi, Gaudet ya ɗauke ta a tasa ya kai ta, ya zauna a benci har likita ya fito. Tana kuma tuna cewa aikin koyarwar da take nema a birnin Halifax, maganar bakinsa ce za ta ba ta ko ta hana ta.

Wajen tsakar rana Gaudet ya shigo. Ya yi aski, ya sa sabuwar rigar sanyi, yana tafiya a kan yatsun ƙafa kamar yadda ya saba, fuskarsa sai walwala.

"Yara, ina kwananku?" ya raɗa. "Noreen, ina son ƙarin hoto babba, wanda zai cika bango. Mu ci moriyar sanyin nan kafin ya gudu."

"Farfesa, akwai abin da nake so ka duba tukuna."

Ta miƙe ta ba shi kujerarta. Ya duba gurbin, ya duba ɗan'uwansa. Ba sai ta yi masa bayani ba, shi ya koya mata wannan dubawar. Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa.

"Wannan ba komai ba ne," ya ce. "Idan biyu-biyu suke zama, ai biyu-biyu za su ɓace. Lissafina ma ya nuna haka."

"Dattin fa? Shi ba kuza ba ne."

"Datti biyu ne suka faɗi kusa da juna. Ba a taɓa yi ba?"

"An taɓa. Amma Farfesa, fuskar silikon nan hanya uku gare ta, duk daidai suke. Da tagwayen na gaske ne, da mun ga wasu sun fuskanci nan, wasu can. Na duba hotunan duka. Kowanne dama yake kallo."

"Fili ɗaya muka gani. Fili ɗaya, fuska ɗaya."

"To bari in buga mata wuta mu huta da shakka."

Ya juyo ya dube ta. Raɗar tasa ta ƙara yin ƙasa, har sai da Harjit ya matso don ya ji.

"Ki buga mata wuta. Allurar da ta ba mu hoto mafi kyau da aka taɓa ɗauka a ɗakin nan. Da sauran sanyi na 'yan sa'o'i. Idan ta watse fa? Me zan nuna?"

"Hotunan Litinin suna nan."

"Da tambaya a kansu da ba mai amsa ta har abada."

"Tambayar tana nan ko na buga ko ban buga ba."

"Dakta Sawchuk." Bai taɓa kiranta haka ba sai a gaban baƙi. "Na yi shekaru ina jiran abin nan tun kina rarrafe. Na san allura mai baki biyu idan na gan ta. Wannan ba ita ba ce. Ki ɗauki hoton da na ce."

Harjit ya yi gyaran murya a hankali. "Ranka ya daɗe, ko mu raba gardama, a ɗauki hoton tukuna, daga baya..."

"Daga baya babu sanyi," in ji Noreen. "Hoto babba zai cinye abin da ya rage. Ɗaya za a zaɓa."

"An zaɓa," in ji Gaudet.

Babu abin da ake ji sai gurnanin injunan zuƙar iska ta bayan bango. Noreen ta juyo. Ta dubi tsohon, ta dubi sabon askin, da inda reza ta ɗan yanke shi a haɓa. Ta hango shi tsaye gaban mutane ran Juma'a, hoton ya cika bango, Vollmer ta ɗaga hannu.

Ta sunkuya ta gefensa ta jawo madannin kwamfutar gabanta.

"Me kike yi?"

"A gabanka zan yi, Farfesa. Ba zan jira ka fita ba."

"Idan kika taɓa, ki tattara kayanki."

"Na ji."

"Ba wasa nake ba, Noreen."

"Na sani."

Hannunsa yana kan tebur, kusa da nata ƙwarai. Da ya so, da ya riƙe ta. Ta kai allurar can gefe, nesa da filin da suka ɗauka, ta rubuta ƙarfin wutar, ta tsaya. Hannun nasa bai motsa ba. Ta danna.

Layin da ke allon ya yi tsalle ya koma. Ta sa allurar ta fara zane.

Abin da ya fito ba hoto ba ne. Zane-zane ne fari da baƙi, kamar an ja tsintsiya a kan jiƙaƙƙen fenti. Babu sahu, babu ƙwaya, babu komai. Harjit ya dafe kai da hannu biyu. Gaudet ya jingina da kujera, ya saki wani numfashi mai tsawo ta hanci.

"Shi ke nan," ya ce. "Kin huta."

Noreen ta ɗaga kai. Ta dubi ma'aunin tulun hiliyam. Ya sauka fiye da yadda ta zata.

"Zan ƙara," ta ce.

"Ƙara mana. Me ya rage a lalata?"

Ta matsa wani wurin, ta rage ƙarfin wutar, ta danna. Layukan farko suka fito a dagule. Can sai dagulewar ta fara lafawa, wani ɗigo fari ya bayyana, zagayayye, gefensa tsaf. Wani ya biyo shi.

"Ta dawo," Harjit ya raɗa. "Shugaba, na rantse ta dawo."

"Yi shiru."

Wurin da ta buga wutar ya ƙazantu, dole ta tafi da allurar nesa, inda kuzar take lafiya. Tafiyar a hankali ake yin ta. Babu wanda ya zauna daidai. Sama da su wani ya tura amalanken kaya a baranda, layin allon ya girgiza, su ukun suka ɗaga kai suna harar rufi har ƙarar ta wuce. Sannan ta sake sa allurar zane.

Hoton daga ƙasa yake tasowa, layi yana hawa kan layi, a hankali har mutum ya ji kamar ya tura shi da hannu. Sahun farko ya fito. Noreen ta ƙirga da ido. Ƙwaya, sarari, ƙwaya, sarari. Kowacce ita kaɗai. Sahu na biyu ma haka. A na uku akwai gurbi, shi ma shi kaɗai, babu ɗan'uwa a damansa.

Ba ta iya duban Gaudet ba. Ta ji kujerarsa ta ɗan yi ƙara, ta zaci tashi zai yi. Ashe matsowa ya yi, har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Dakata," ya ce. "Sahun nan ba miƙaƙƙe ba ne."

Ta duba. Gaskiya ne. Ƙwayoyin ba su bi layi ɗaya ba, wannan ta ɗan karkata hagu, ta gaba ta karkata dama, sahun yana tafiya a lanƙwashe kamar sawun maciji a yashi. Na kusa da shi kuma ya lanƙwasa ta ɗaya hannun.

"Harjit, ka taɓa ganin wannan?" in ji Gaudet, bai juyo ba.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Ni ma."

Na ɗan lokaci ya manta fushi yake. Ya ɗora yatsa a gilashin yana bin lanƙwasar, leɓensa na motsi. Hoton ya kai rabi. Sai ƙararrawar sanyi ta yi 'yar ƙara, ma'aunin zafi ya fara hawa.

"A'a," Noreen ta ce. "A'a, ɗan jira."

Layukan da suka biyo baya suka fara zamewa, ƙwayoyin suka yi dishi-dishi kamar ana kallonsu ta cikin hawaye. Kafin allurar ta kai saman hoton, lanƙwasar ta miƙe, abin da ya rage shi ne tsohon zanen kuza a kan silikon da ke cikin kowane littafin ɗalibai. Noreen ta janye allurar don kada ta soki silikon.

Yanzu kowa na iya magana da ƙarfi, amma babu wanda ya yi. Gaudet ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki hularsa.

"Ki rufe injin yadda ya kamata," ya ce, ya fita.

Noreen ta zauna a kujerar da ya bari. Harjit ya tura mata kwalin cincin.

"Ci. Korarre ma yana cin abinci."

"Kana ganin da gaske ya kore ni?"

"Ya ce ki rufe inji. Wanda aka kora ba a ba shi inji." Ya ɗauki cincin ɗaya. "Amma dai ni da ke ce, gobe ba zan bi ta ƙofar ofishinsa ba."

Ran Juma'a zauren ya cika. Gaudet ya yi magana a kan aikin rayuwarsa, muryarsa a dushe, bai yi ko ɗaya daga cikin barkwancin da ya shirya ba. Tagwaye bai ambace su ba sam, kuma duk wanda ke wurin ya lura. A ƙarshe ya saka rabin hoton nan a bango, ƙasansa tsaf, samansa a dagule.

"Wannan ban san ko mene ne ba," ya ce. "Dakta Sawchuk ce ta ɗauka. Ga ta can, ku tambaye ta."

Vollmer ta ɗaga hannu tun bai rufe baki ba. Ta tambayi Noreen yadda ta tabbata allurar lafiya take, Noreen ta miƙe ta faɗa mata. Vollmer ta ce rabin hoto ba hujja ba ne, sai an sake gani. Noreen ta ce haka ne.

A wurin walimar dare Gaudet bai yi mata magana ba. Washegari ma haka, har ya kwashe littattafansa ya bar ginin. Ya rubuta wa mutanen Halifax game da ita, kuma sun ɗauke ta, amma shugaban sashen can ya gaya mata daga baya cewa bai taɓa ganin yabo gajere kamar wannan ba.

Duk hunturun nan ta yi shi a ƙarƙashin ƙasa tana gasa silikon tana sakin kuza. Sai da ƙanƙara ta fara narkewa shimfiɗar ta sake zama daidai, lanƙwasar ta dawo, wannan karon hoto cikakke, da allura daban-daban, a fuskoki uku. Ta aika wa Gaudet. Bai amsa ba.

Ana saura 'yan kwanaki ta tashi zuwa Halifax, ta tuƙa mota zuwa gidansa. Matarsa, Odile, ta buɗe ƙofa, ta rungume ta, ta nuna mata gareji da haɓa.

"Yana can da kwalekwalensa. Ki yi haƙuri da shi, har ni gunaguni yake mini."

Ta same shi sanye da tsohuwar riga duk ƙurar katako, yana ƙoƙarin lanƙwasa wani siririn katako a jikin kwalekwalen, ɗaya bakin yana ƙwace masa. Ya ɗago ya gan ta, ya mai da kai.

"Farfesa, sallama na zo yi."

"Kama can," ya ce.

Ta ajiye jaka ta kama bakin katakon. Ya ɗaura ƙarfen matsi, ya juya shi, ya ɗaura wani. Sun daɗe a haka, ba abin da ake ji sai kukan katako.

"A wane sanyi sahun yake fara lanƙwasa?" ya tambaya, idonsa na kan aikinsa.

Ta gaya masa.

"A hankali yake yi, ko farat ɗaya?"

"Farat ɗaya."

Ya tsaya da matsin a hannu, yana kallon bango, goshinsa a tattare.

"To ba kuzar ce kaɗai ke motsi ba," ya ce. "Silikon ɗin ƙasa ma yana bin ta. Ki duba wannan idan kin je." Ya sunkuya ya ci gaba da ɗauri. "Danna da ƙarfi mana, yarinya, yana zamewa."